Ranar da Norbert Ya Zuba wa Tafki Gishiri

Shekara ashirin da bakwai ina tuƙa bas mai lamba shida, ina zagaya tafkin Oslund safe da yamma da 'ya'yan mutane a bayana, ban taɓa jefa ko taya ɗaya a rami ba. Sai ga shi rana tsaka mijin ƙanwata, mutumin da motarsa ma bai iya shigarwa gareji da baya ba, ya miƙe a gaban jama'a ya ce aikina ɓarna ne.

Norbert Pagel sunansa. Shi ne mai shagon kayan gini da ke kallon gidan waya. Irin mutanen nan ne da idan ka shiga sayen ƙusa guda, sai ya tsare ka ya koya maka yadda ake gina gida. Ƙanwata Glenda ta aure shi shekara talatin da suka wuce, kuma har yau ban gano abin da ta hango ba. Na tambaye ta sau biyu, ta ce yana da kirki. Ban musa ba, amma kirki ba ya hana wauta.

Abin ya faro ne a ɗakin ƙasa na coci, ranar Juma'ar farko ta azumin Kirista, ana cin soyayyen kifi. Rabin gari na wurin, kowa da farantinsa da dankali da kabeji. An samu gurbin kujera ɗaya a hukumar makarantun gunduma, za a yi zaɓe farkon Afrilu, kuma duk mun ɗauka Malama Verna Kuchta ce kaɗai za ta tsaya, tsohuwar malamar aji biyar da ta yi ritaya. Sai muka ji ana buga cokali a jikin kofi.

"Jama'a, ku ba ni aron hankalinku minti biyu," in ji Norbert, maiƙon kifi na ƙyalli a haɓarsa. "Daga makaranta zuwa gidajen tsallaken tafki mil nawa ne?"

Wani ya ce sha huɗu.

"In aka miƙe ta kan tafki fa?"

"Ɗaya da rabi."

"To kun ji. Wata huɗu cur tafkin na daskarewa, Allah na shimfiɗa mana hanya kyauta, ba rami, ba kwana, mu kuma muna ta zagaye muna ƙona mai. Bas bakwai gare mu. Biyu ba abin da suke yi sai kewaya tafki, ɗaya ta gabas, ɗaya ta yamma. In na shiga hukuma, ɗaya ta isa, ta ratsa ta kan ƙanƙara ta kwaso kowa."

Na ajiye cokali na ce, "Wacce za a ajiye?"

"Yaya Arlys, ba da ke nake ba. Da tsari nake."

"Tsarin yana da lamba?"

Ya duba takardar hannunsa kamar ba shi ya rubuta ba. "Shida," ya ce a hankali.

Mutane suka yi dariya, ni kuwa ban yi ba. Shekara uku suka rage mini in yi ritaya. Mijina Leland na fama da ciwon sukari, allurarsa da likitansa duk a kan inshorar aikina suke, in aikin ya tafi sun tafi tare. Kuma na san hukumar nan. Biyu daga cikin mutum biyar ɗin, da zarar an ce musu "rage kashe kuɗi" sai su ɗaga hannu tun ba a gama jimla ba. In Norbert ya shiga, sun zama uku, magana ta ƙare. Kifin nan ban iya ƙarasa shi ba.

Washegari ya fara yaƙin neman zaɓe. Ya sa aka buga masa alluna ɗari biyu, ja da fari, an rubuta HANYA MIƘAƘƘIYA, NORBERT. Ya manta ƙasa a watan Fabrairu a daskare take kamar dutse. Ya kafa ƙarfen allo na farko a ƙofar gidansa, ya ɗaga guduma, ƙarfen ya lanƙwashe. Na biyu ya lanƙwashe. A na uku gudumar ta sauka a babban yatsansa, maƙwabta suka ji kalmomin da ba su san mai tattara sadaka a coci ya iya ba. Da ya ga ba ci, sai ya bi titi yana soka allunan a tudun dusar ƙanƙara na gefen hanya. Daren nan aka yi dusa, da asuba motar share titi ta biyo ta kwashe su kaf ta tura su kwari bayan ma'aikatar cuku.

Ya zo shagon shayi yana huci. "Maƙiya ne. Verna ce ta sa."

Mai shagon ta ce, "Verna da sandarta da shekara saba'in da ɗaya? Ita ta tuƙa motar share titin?"

"Tana da mutane."

"Tana da kyanwa biyu, Norbert. Me zan zuba maka?"

Sati biyu bayan haka ƙungiyar iyaye ta shirya muhawarar 'yan takara a ɗakin wasanni na makaranta. An jera kujeru tsakanin bokitai, don rufin ɗakin ya shekara huɗu yana yoyo, kuma ranar an ɗan samu sassaucin sanyi, dusar da ke sama ta fara narkewa. Kowane ɗan takara minti biyu, in ya wuce a kaɗa masa ƙararrawa.

Malama Verna ta tashi ta ce abu uku take so: a gyara rufin nan, a ɗauko malamin karatu don 'yan aji ɗaya da biyu, a canza tukunyar ɗumama azuzuwa kafin ta fashe da wani. Ta zauna tun ba a kaɗa mata komai ba.

Norbert ya fito da taswirar tafki mai girman zanen gado, ya manna a allo, ya ja jan layi daga wannan baki zuwa wancan. Bai lura ya tsaya daidai ƙarƙashin yoyo ba. Yana magana ruwa na ɗiga a sanƙonsa, yana sharewa da hannu yana ci gaba.

"Rufi ba matsala ba ce," in ji shi. "Bokiti na maganin yoyo, ina da su a shago kala uku. Abin da yara ke buƙata shi ne lokaci. Yaron tsallake na ɓata minti arba'in a hanya. Ni zan mayar masa da talatin da biyar."

Malama Verna ta ɗaga sanda. "Watan Satumba fa, da tafkin ruwa ne?"

"Ana nazari."

"Mayu?"

"Shi ma ana nazari."

"Wa ke nazarin?"

"Malama, ke kullum kuskure kike hangowa."

"Shekara arba'in ina duba jarrabawa, Norbert, har da taka. Aji biyar na koyar da kai, sau biyu."

Ɗaki ya ɗauki dariya, aka kaɗa ƙararrawa, ya yi kunnen uwar shegu. Ya ɗaga murya ya ce, "Rufinta da malaminta daga aljihunku za su fito. Nawa tsarin ba zai ƙara wa kowa ko sisi a haraji ba."

Wallahi sai ga tafi. Manoman da ke jere a baya, masu huluna a gwiwa, waɗanda 'ya'yansu sun gama makaranta tun tuni, suka dinga tafi kamar an ce musu farashin madara ya tashi. Na juya na dube su ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ban taɓa ɗaukar ɗansa ko jikansa ba a cikinsu. Nan ne na ji tsoro na gaske, don na ga mutumin nan zai iya ci.

Wata uwa daga tsallake ta miƙe da jariri a kafaɗa. "Kai ka taɓa hawa bas a kan ƙanƙara?"

"Motata na sha hawa da ita."

"Bas na ce."

Da mai hankali ne, da ya ce ana nazari. Amma tafin ya riga ya hau masa kai. Ya buga ƙirji ya ce Asabar ta ƙarshe ta Maris, da ƙarfe goma na safe, shi da kansa zai tuƙa bas cike da kaya daga wannan baki zuwa wancan, kowa ya zo ya gani da idonsa. Glenda da ke gefena ta rufe fuska da jaka.

Gunduma ta ƙi ba shi aron bas, sai ya sayo wata tsohuwa daga wani sansanin hutun yara da ya rufe. Ɗan baffansa mai fentin rumbuna ya zana masa fuskarsa a gefe, da baki a wangale, kamar wanda ƙashin kifi ya maƙale wa. Sannan ya aiko Glenda wai in koya masa tuƙi.

"In koya masa yadda zai kore ni daga aiki?"

"Yaya, ki rufa mini asiri. In ba ki koya masa ba zai kashe wani tun bai kai bakin tafkin ba."

Na je, saboda ita. A filin bayan shagonsa muka yi. Na ce, "Norbert, bas doguwa ce, bayanta ba ya bin gabanta nan take. In za ka sha kwana, ka jira."

"Yaya Arlys, mota duk mota ce."

Ya sha kwanar farko ya tafi da katangar katako. Na ce ya taka birki, ya taka mai. Ya sa giyar baya don ya gyara, muka ji ƙara, da muka sauka sai ga allon sunan shagon a kwance, an raba PAGEL biyu.

"Madubin ne ba a daidaita ba," in ji shi.

"Madubin yana can jikin katangar," na ce, na ɗauki jakata na tafi.

Saura fasinja. Ya bi gida-gida yana neman yara arba'in na sa kai, wai zai ba kowa hula da alewa. A gida na farko aka rufe masa ƙofa. A na biyu matar ta ce ko karenta ba za ta ba shi ba, kuma karen ba ta ma son sa. A na uku uban gidan ya rako shi har titi da shebur a hannu. Da ya rasa, sai ya koma shago ya kwaso buhunan gishirin da ake watsawa a titi lokacin sanyi guda sittin, kowane fam hamsin, ya ce daidai nauyin ɗan aji ɗaya ke nan. Ya zaunar da su bibbiyu a kujeru, ya ɗora wa kowane hular kamfen. Mutane suka dinga leƙe ta taga suna tambayarsa ko ɗaliban suna jin magana.

A wannan lokacin masunta sun riga sun janye bukkokinsu na kamun kifi daga kan ƙanƙarar tafki tun sati biyu. Duk wanda ya tashi a nan ya san in bukkoki suka sauka, ƙanƙara ta fara tsufa. An gaya wa Norbert, ya ce ya huda ya auna, inci ashirin ya samu, kuma inci ashirin na ɗaukar tanka. A watan Fabrairu ya yi awon, amma wannan bai faɗa ba.

Ranar Juma'a, jajiberin abin, ya je kafa tutoci a hanyar da zai bi. Rana ta fito sosai, saman ƙanƙara ya yi santsi. Taku goma ya yi, ƙafafunsa suka tashi sama, ya sauka a kan mazaunansa, tutocin suka watse.

To mu nan, tun muna yara, in mutum ya zame a ƙofar gida ba ya tsayawa tunani, gishiri yake ɗebowa ya watsa, don shi ke narkar da ƙanƙara. Matakala gishiri, gaban coci gishiri, titi gishiri. Hannu ke yin abin tun kai bai sani ba. Norbert kuwa shekara talatin yana sayar da shi, a ganinsa babu ciwon da ba ya warkarwa. Ya tashi yana dafe da ƙugu, ya koma shago, ya ɗaura injin watsa gishiri a bayan a-kori-kurarsa, ya loda duk buhunan da suka rage a sito, ya dawo ya bi layin tutocin yana watsawa, ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, har suka ƙare.

Baba Elroy ne ya ba ni labari da yamma a wurin cin kifi. Tsoho ne mai shekara tamanin da ɗoriya, wanda ya fi sanin tafkin nan fiye da falon gidansa, kuma yana zaune a kan bokiti a bakin tafki aka yi komai a gabansa.

Na ce, "Baba, ka yi masa magana?"

"Na yi. Na ce, Norbert, me kake yi? Ya ce yana gyara hanya kar taya ta zame. Na ce Allah ya ba da sa'a."

"Shi ke nan?"

"Shawarata ya nema?"

"Mutum zai hallaka fa, Baba. Mijin ƙanwata ne."

Ya zare ƙaya daga kifinsa a nutse. "Na ga inda ya fara, na ga inda gishirin ya ƙare. Ba abin da zai same shi sai kunya. Ci abincinki, 'yata."

Duk da haka na samu Glenda na gaya mata, ita kuma ta gaya masa. Ya ce ai dama ya san zan yi ƙoƙarin karya masa gwiwa, mai neman kare kujerarta ba abin da ba za ta faɗa ba. Da na ji haka na ce to, na sauke nauyi, na je na goge rigar sanyina mai kyau.

Asabar tun ƙarfe tara bakin tafki ya cika. A wurin wanka na gari ya shirya abin, don nan ne ke da filin da zai ɗauki jama'a. Matan coci sun kafa tebur suna sayar da koko mai zafi. Matar da ke rubuta jaridar mako ta zo da kyamara. 'Yan kwana-kwana na sa kai sun zo da motarsu da dogon tsani ba tare da kowa ya gayyace su ba. Malama Verna na zaune a kujerar naɗewa da bargo a gwiwa. Manoman da suka yi tafi suna nan su ma, hannu a aljihu.

Kowa ya ga hanyar. Tafki fari fat, amma tsakanin tutocin nan an yi wani dogon layi mai duhu, jiƙe-jiƙe, launin ruwan wanke-wanke. Mutane suka dube shi, suka dubi juna.

Norbert ya ɗaura lasifika a saman bas, makirfo na rataye a wuyansa. Ya yi jawabi na minti ashirin, babu mai kaɗa masa ƙararrawa. Ya ce yau za a san masu hangen nesa da masu tsoro. Ya ce jikokinmu za su tambaye mu ina muke tsaye a wannan rana. Ya yanke jan ƙyalle da almakashin shagonsa, ya hau, ya danna hon sau uku, ya gangara.

Taya ta gaba ta hau, ta baya ta hau. Bas ta tafi tana fesa ruwa gefe da gefe, buhunan gishiri na zaune a tagogi da hulunansu. Ta lasifika muna jin sa yana cewa, "Kun gani? Ko zamewa ba ta yi. Yaya Arlys, kina gani?"

Ina gani. Ta yi kamar taku saba'in, sai aka ji wata ƙara mai zurfi daga ƙasa, gaban bas ya dulmiya, bayan ya biyo shi, ruwa ya taso ya rufe tayoyi da matakalar ƙofa ya kai fitilu. Ta ɗan karkata hagu, ta tsaya cak. Injin ya yi tari biyu ya mutu.

Ba wanda ya ruga, kuma ga dalili. Wurin nan tudun yashi ne, nan muke kai yara wanka duk bazara, sai ka yi taku ɗari da hamsin kafin ruwa ya kai maka ƙirji. Bas ɗin a ƙasa take zaune daram, ba inda za ta. Duk wanda ke bakin tafkin ya san haka, ban da mutum ɗaya. Norbert a garin nan aka haife shi, amma bai iya iyo ba, bai taɓa sa ƙafa a tafkin ba tun yana yaro, sai in ya daskare. A ganinsa bas ɗin a rataye take a leɓen ƙanƙara, ƙarƙashinta kuma rami ne mai zurfin bene uku.

Ƙofar gaggawa ta sama ta buɗe, kansa ya fito, kafaɗu suka biyo, tumbi ya maƙale. Ya yi ta mutsu-mutsu har ya fice ya bar takalmi ɗaya a ciki. Ya kwanta rubda ciki a kan rufin ya rungume lasifika, ya manta makirfo a kunne yake.

"Ku taimake ni, nutsewa take yi. Ina jin tana tafiya. Glenda, ki ce su zo."

Shugaban 'yan kwana-kwana, wanda na ɗauka a bas tun yana zubar da majina, ya durƙusa yana ɗaure igiyar takalminsa a hankali. Ya ɗago ya ce, "Anti Arlys, harkar bas ce wannan. Ke kika san ta. Ga tsani."

Na ja tsanin ta kan farar ƙanƙara, gefen da gishiri bai taɓa ba, har na zo daidai da shi, taku biyar tsakaninmu. Na kwantar da shi a gabana, na sa ƙafa ɗaya a kai.

"Yaya Arlys, Allah ya yi miki albarka. Turo."

"Norbert, bas nawa gundumar nan take buƙata?"

"Yanzu lokacin wannan maganar ne?"

"Ni ba inda za ni. Yau Asabar."

Wani ɓallin ƙanƙara ya bugi jikin bas, ya ƙanƙame lasifika. "Bakwai."

"Matso da abin bakinka, na baya ba su ji ba."

"Bakwai," in ji lasifika, har sai da tsallake ya amsa.

"Ta ina za su bi?"

"Ta hanya."

"Wace hanya?"

"Ta zagaye. Mil sha huɗu. Ko ashirin ne ma su bi. Turo tsanin."

"Lamba shida fa?"

"Ta fi kowacce amfani. Ban taɓa ganin direba irinki ba. Yaya, ki dubi girman Allah, ƙafata ta mutu."

Daga baki Malama Verna ta ɗaga sanda ta ce, "Tambaye shi rufi."

"A gyara shi," in ji Norbert tun ban tambaya ba. "Da tukunyar, da malamin karatun, duk a yi."

Na sunkuya zan tura tsanin, sai na ji murya a bayana. Glenda ce, ta biyo ni har kan ƙanƙara da takalmin coci. Shekara talatin ban taɓa jin ta ɗaga masa murya a gaban mutane ba.

"Dakata, Yaya. Norbert, ka ce ka janye."

"Glenda, ke ma?"

"Katanga, da allon shago, da gishirin shekara guda, da bas. Ka ce ka janye, ko in koma gida in bar ka da ɗalibanka."

Ya dube ta, ya dubi ruwa, ya dubi jama'a. Matar jarida ta ɗaga kyamara.

"Na janye," in ji shi.

Na tura tsanin ya taɓa jikin bas. Na ce ya juyo da baya ya sauko a hankali, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ya sani, ba yau ya fara hawa tsani ba, shi ke sayar da su. Ya zuro ƙafar da babu takalmi, safa ta zame, ya taho gaba ɗaya ya faɗa ruwa tsakanin bas da ƙanƙara.

Ihun da ya yi, karnukan tsallake sai da suka amsa. Ya dinga dukan ruwa da hannu biyu, yana kiran Glenda, yana kiran uwarsa da ta rasu, yana yafe wa kowa. Can ƙafarsa ta taɓa yashi. Ya daina duka. Ya miƙe tsaye a hankali, ruwa na zuba daga aljihunansa, sai ga shi bai kai masa cibiya ba.

Baba Elroy ya kurɓi kokonsa ya ce, ba da ƙarfi ba, "Daidai nan ake koya wa 'yan shekara huɗu iyo."

Sai dariya ta ɓalle. Matan coci suka riƙe tebur, 'yan kwana-kwana suka jingina da motarsu, manoman nan da suka yi masa tafi su suka fi kowa ƙyaƙyatawa, har da nuna shi da yatsa. Norbert na tsaye a ruwa yana karkarwa, haƙora na haɗuwa, ya dube ni.

"Kin sani."

"Duk garin ya sani, Norbert. Fito kar sanyi ya kama ka."

Ya taka ya fito da ƙafarsa, Glenda ta yafa masa bargon Malama Verna ta tura shi mota. Bas ɗin sai da aka kawo tarakta biyu suka jawo ta, hukumar kula da ruwa kuma ta aiko masa da wasiƙar da har yau bai bari kowa ya karanta ba.

An riga an buga takardun ƙuri'a, don haka sunansa bai fita ba. Malama Verna ta ci da rata mai yawa, aikina ya tsaya, allurar Leland ba ta yanke ba. Amma da aka manna sakamako a ƙofar ofishin gunduma, na tsaya na karanta sau biyu. Mutum tamanin da uku sun zaɓi Norbert. Sun tsaya a bakin tafkin nan, sun ga komai da idonsu, sun ji shi ya janye da bakinsa, suka shiga rumfa ranar Talata suka sa masa alama, wai don kar haraji ya tashi.

Har yanzu ina tuƙa lamba shida. Kowace safiya in na buɗe ƙofa, iyaye da kakanni na tsaye a bakin hanya suna ɗago mini hannu, suna cewa Allah ya kiyaye hanya, Arlys. Ni ma ina ɗaga musu, ina murmushi, ina kallon fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ina tambayar kaina wanne ne a cikinsu.